Filin Tambayi Likita: Faɗuwar Gaba da Abin da Jiki Yake Yi Idan Ya Ji Barazana

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan watan sun karkata ga abu guda, wato tsoro da damuwa da irin sawun da suke bari a jiki, don haka na zaɓi guda biyar daga cikinsu na haɗa su wuri ɗaya. Kamar yadda muka saba, an cire sunayen masu tambaya, an kuma taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar makaranta ce, shekarata 38. Tun ranar da aka kira mu a waya cikin dare aka sanar da mu rasuwar yayana, duk sa'ad da wayata ta yi ƙara bayan sallar isha'i sai gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, bakina ya bushe, hannuna ya kama rawa, alhali sau da yawa ƙawata ce kawai take son mu gaisa. Me yake faruwa a jikina, kuma me ya sa sanin cewa ba komai ba ne bai hana abin zuwa ba? (Daga Funtuwa)

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan yayanki, ya sa can ta fi masa nan. Abin da kike ji aikin wani tsari ne da Allah ya gina a jikin kowane mai rai domin ya tsere wa halaka, kuma yana aiki a jikinki yadda ya kamata, sai dai ya koyi tashi a lokacin da ba a bukatarsa.

A can cikin ƙwaƙwalwa, daura da kunnuwa, akwai wasu 'yan curi biyu da ba su fi ƙwayar gyaɗa girma ba, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda masana suke kira amigidala. Aikinsu kamar na maigadi ne da yake kwana a zaure. Idan kunne ya ji ƙara ko ido ya hango wani abu, saƙon yakan isa wurin maigadin nan ta gajeriyar hanya tun kafin ya kai ga sashen ƙwaƙwalwar da yake nazari da auna al'amura, shi ya sa ake yin tsalle a bar wuri kafin a gane cewa igiya ce a kwance ba maciji ba. Da zarar maigadin ya yi kururuwa, wani sashe mai suna haifotalamus yakan aika umarni ta jijiyoyin laka zuwa ga wasu 'yan tsoka biyu da suke zaune a saman ƙoda kamar hula, su kuma su zuba sinadarin adirenalin a cikin jini. Duk wannan yana faruwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Daga nan sai jiki ya shiga shirin ko dai a yi faɗa ko kuwa a ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Zuciyar da take bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa sai ta ƙara sauri da ƙarfi, hanyoyin iska a huhu su buɗe, ƙwayar ido ta faɗaɗa, hanta ta saki sukarin da ta adana domin tsoka ta sami makamashi. Ana janye jini daga fata da hanji a tura shi ga manyan tsokokin cinya da damtse, wanda shi ne dalilin sanyin tafin hannu da kuma wannan ramin da ake ji ya buɗe a ciki, abin da muke cewa faɗuwar gaba. Yawu yana ƙafewa domin ba lokacin cin abinci ba ne. Rawar hannu kuwa tsoka ce da aka ɗaure tamau aka shirya ta, ba a kuma yi aiki da ita ba.

Abin yana burge ni yadda Bahaushe ya riga ya lissafa waɗannan alamomi a cikin maganarsa tun kafin a san sunan wani sinadari. Yana cewa tsigar jikina ta tashi, gumi ya karyo mini, gwiwata ta yi sanyi, cikina ya ɗuri ruwa, kuma wannan ta ƙarshen gaskiya ce tsantsa, domin tsoro yana tsayar da aikin tumbi amma yana gaggauta motsin babban hanji, shi ya sa ɗalibai suke layin bayan gida da safiyar jarrabawa. Alƙur'ani ma, da yake bayanin halin da Musulmi suka shiga a yaƙin Ahzab, ya ce idanu sun karkata, zukata sun kai ga maƙogwaro, kuma duk wanda ya taɓa razana ya san wannan shaƙewar.

Wanda ya fara bin diddigin al'amarin a kimiyyance shi ne Walter Cannon na Jami'ar Harvard da ke Amurka. Tun yana ɗalibi, a ƙarshen ƙarni na 19, yakan haska cikin kyanwa da na'urar ɗaukar hoton ƙashi domin ya ga yadda abinci yake tafiya, sai ya lura cewa da zarar kyanwar ta fusata ko ta tsorata motsin tumbinta yakan tsaya cak, idan aka lallashe ta kuma ya ci gaba. Daga wannan lura ya faro binciken da ya wallafa a 1915.

Game da tambayarki ta biyu, karin maganar nan ta amsa ta: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Maigadin naki ya haɗa ƙarar waya da duhun dare da mummunan labari ya ɗaure su wuri ɗaya, kuma ba ya jin hujja, abin da ya gani da idonsa kawai yake yarda da shi. Saboda haka kada ki riƙa kashe wayar da daddare, domin gujewa tana ƙara tabbatar masa da cewa akwai abin tsoro. Ki canza sautin kiran, ki kuma yi yarjejeniya da ƙawar taki ta riƙa kiranki a wani lokaci sananne kowane dare na tsawon makonni. Idan gaban ya faɗi ki amsa kiran a hakan, ki bar jikin ya sauka da kansa, domin adirenalin ba ya daɗewa a jini. A hankali maigadin zai tara sabuwar shaida, kururuwar ta ragu.

Likita, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa, ina da iyali da yawa. Kusan shekara guda ke nan bashi ya yi mini katutu, ga kuɗin makarantar yara ga hayar shago. Ba na samun barci, cikina yana zafi, an kuma auna ni an ce jinina ya hau. Abokaina sun ce tunani ne ya jawo mini olsa da hawan jini. Haka ne? (Daga Kano)

Alhaji, Allah ya warware maka, ya buɗa kasuwa. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya, sauran rabin kuma shi ne ya fi muhimmanci ga lafiyarka.

Bayan adirenalin, wanda yake zuwa da sauri ya wuce da sauri, akwai sinadari na biyu mai suna kotisol da waɗannan 'yan tsoka na saman ƙoda suke fitarwa, shi kuma yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya kai ƙololuwa, ya kuma jima yana aiki. A ka'ida yana yawa da sassafe domin ya tashi mutum, ya yi ƙasa sosai wajen tsakar dare domin a sami barci. Aikinsa a lokacin haɗari shi ne ya ƙara sukari a jini, ya kuma dakatar da duk wani aikin da za a iya ɗagawa zuwa gobe, kamar gyaran jiki da wasu ayyukan garkuwar jiki da sha'awar iyali. Wannan dabara ce mai kyau ga wanda kura ta biyo, domin cikin minti goma ko ya tsira ko an gama da shi. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta kura da mai bin bashi. Duk sa'ad da ka kwanta ka fara lissafin abin da ake binka, ko ka ga lambar dila a wayarka, ana kunna injin nan, kuma kura tana tafiya amma bashi yana kwana yana tashi tare da kai.

Hans Selye, wanda yake aiki a Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada, ya wallafa a 1936 abin da ya gani a jikin ɓeraye. Ko sanyi ya saka su, ko ya gajiyar da su da gudu, ko ya yi musu allurar abu mai cutarwa, sakamakon iri ɗaya ne: tsokar saman ƙoda ta kumbura, sassan da suke kula da garkuwar jiki su tsuke, gyambo ya fito a tumbi. Ya ce jiki yana farawa da razana, sannan ya daure ya jure, idan abin ya ƙi ƙarewa kuma ya gaji ya sare. An ga makamancin wannan a jikin mutane. A 1991 Sheldon Cohen da abokan aikinsa sun ba da rahoton wani gwaji da aka yi a Ingila, inda aka ɗiga wa mutum 394 ƙwayar cutar mura a hanci, kuma waɗanda suka fi damuwa su ne murar ta fi kamawa. A 1995 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio suka yi wa wasu mata ɗan ƙaramin rauni a hannu da yardarsu, sai raunin matan da suke jinyar 'yan uwansu masu cutar mantuwa ya ɗauki kimanin kwana 9 fiye da na sauran kafin ya warke.

To amma maganar olsa, a nan ne nake son ka tsaya. Shekaru da yawa likitoci ma sun ɗauka damuwa da barkono ne suke haƙa gyambon ciki, har sai da wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta failori ce take haddasa mafi yawansa. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, cikinsa ya kumbura ya yi ta amai, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Sanadi na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen da dikilofenak, waɗanda 'yan kasuwa da masu aikin ƙarfi suke saya a kemis suna haɗiya kamar gyaɗa. Damuwa tana iya tsananta zafin ciki, amma idan ƙwayar nan ce, hanƙuri da shan madara ba za su kashe ta ba. Ana gane ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, maganinta kuma na kimanin mako biyu ne. Idan ka ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta ko ka yi aman jini, a ranar za ka je asibiti.

Hawan jini shi ma haka yake. Tashin hankali yana ɗaga jini na ɗan lokaci, kuma doguwar damuwa tana taimaka masa ya zauna, amma gado da shekaru da ƙiba da gishiri da dunƙulen ɗanɗano suna da nasu kason. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, kuma an ɗora ka a kan magani, kada ka ajiye shi ranar da ka biya bashin ƙarshe kana cewa ai sanadin ya kau. Na sha ganin masu yin haka sun dawo da shanyewar ɓarin jiki.

Abin da yake hannunka shi ne ka ba jikin aikin da aka shirya shi dominsa, wato motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, kuma tafiya da sauri ta rabin awa kullum bayan sallar asuba ta wadatar. Ka rage goro da shayi mai kauri daga la'asar zuwa sama. Sannan ka ɗauki biro ka rubuta bashin nan dalla-dalla, ka tunkari masu shi ku yanka lokacin biya, domin barazanar da ba ta da iyaka ta fi wadda aka san girmanta cin rai. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ina zargin ɓoye shi ga iyali da abokai yana cikin abin da yake hana ka barci.

Likita, ni ɗaliba ce a jami'a. Sau uku ke nan ina zaune ƙalau sai numfashina ya sarƙe, ƙirjina ya yi nauyi, yatsuna da leɓena su riƙa tsira kamar ana soka mini allura, in ji kamar mutuwa zan yi. An yi mini gwaje-gwaje an ce lafiyata ƙalau. A gida an ce iska ce. (Daga Zariya)

Ƙanwata, bayanin da kika yi ya yi daidai da abin da muke kira farmakin firgici, wato maigadin da na ambata a sama ya yi kururuwa da iya ƙarfinsa ba tare da an ga ɓarawo ba. Yakan kai maƙura cikin kimanin minti 10 sannan ya fara sauka, kuma duk da munin abin da ake ji, shi kansa ba ya kisa.

Tsirar yatsu da leɓe tana da bayani mai sauƙi. Idan mutum ya firgita yakan yi numfashi sama-sama da sauri, ya fitar da iskar kabon dayokzaid fiye da kima, hakan kuma ya sauya yanayin jini, jijiyoyi su fara tsira, kai ya yi jiri. Mai shi sai ya ɗauka iska ce ta yi masa kaɗan, ya ƙara haki, abin ya ƙara muni, tsoron alamomin ya zama shi ne makamashin wutar. Idan ya taso, ki zauna, ki ɗora tafinki a kan cibiya, ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki fitar da ita a hankali ta baki kina ƙirga shida, ki yi ta maimaitawa na mintuna. Tsawaita fitar da numfashi yana motsa wata doguwar jijiya mai suna begas, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da hanji, ita ce kuma birkin wannan tsari. Ajiyar zuciyar da mutum yake saukewa bayan ya tsira daga wani abu aikinta ne.

Ban san irin gwajin da aka yi miki ba, don haka ki tabbatar an duba ƙarancin jini da aikin tayirod, wato tsokar wuya da maƙoƙo yake kamawa, domin dukansu suna kawo bugun zuciya da haki. Ki kuma duba yawan kofi da lemon ƙarin kuzari da kike sha lokacin karatun dare. Ga sauran masu karatu kuwa, musamman wanda ya haura shekara 40 ko mai ciwon suga ko hawan jini, ciwon ƙirjin da yake sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko wanda yake zuwa idan an yi aiki, ko ya zo da suma, kada a kira shi firgici sai likita ya duba zuciyar.

Ba zan ce ki bar addu'a da azkar ba, domin natsuwar da suke kawowa tana da amfani ga zuciya da jiki gaba ɗaya, amma ba su hana ki ganin likitan ƙwaƙwalwa ba. Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna da Dawanau a Kano da Kware a Sakkwato da kuma Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Wannan larura tana cikin waɗanda suka fi jin magani, ko ta hanyar zaman tattaunawa da ƙwararre ko ta ƙwayoyi. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne ƙwayar sa barci irin ta dayazifam da ake bayarwa a kemis ba da takardar likita ba, domin tana kwantar da abin a yau ta kama mutum gobe.

Likita, 'yan bindiga sun tare motarmu wata huɗu da suka wuce. Wasu sun ruga daji, ni kuwa na ƙame a kujera, na kasa ko ɗaga hannu, ƙanena ne ya ja ni. Allah ya kuɓutar da mu, amma kunya ta hana ni sakat, kullum kuma sai na yi mafarkin abin. (Daga Gusau)

Malam, barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Ƙamewa ita ce hanya ta uku bayan faɗa da gudu, kuma ta daɗe a jikin halittu: zomo yakan lafe idan shaho ya gifta, domin idon mai farauta motsi yake bi. Umarnin yana fitowa daga sassan ƙwaƙwalwar da ba sa shawara da mai su, don haka ba ka zaɓi ƙamewa ba, kamar yadda waɗanda suka gudu ba su zauna sun yanke shawarar gudu ba. Sojojin da aka horar ma tana samunsu, kuma babu wanda ya san wacce jikinsa zai ɗauka sai ranar ta zo.

Mafarkin ya fi damuna fiye da ƙamewar. Makonnin farko bayan irin wannan masifa mutane da yawa sukan yi fama da zabura da rashin barci, kuma yawanci abin yana lafawa da kansa. Amma idan an wuce wata guda mutum yana ganin abin yana dawo masa a farke ko a mafarki, yana gudun hanyar ko maganar, yana zabura idan an buga ƙofa ko taya ta fashe, yana saurin fushi da iyalinsa, to ya zama larura mai zaman kanta, wadda likitocin Amurka suka sanya a kundinsu a 1980 bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Wata huɗu ya isa ka nemi likita, kuma ka tafi da ƙanen naka, domin shi ma yana cikin motar.

Likita, da gaske ne mummunan labari yana iya sa zuciyar tsoho ta buga? (Daga Maraɗi)

Da gaske ne, Hajiya, ko da yake ba kasafai ba. Ambaliyar adirenalin tana iya tayar da ciwon zuciya ga wanda jijiyoyin zuciyarsa suka riga suka tsuke. Akwai kuma wata larura da likitocin Japan suka bayyana a 1990 suka kira ta takotsubo, sunan wata tukunya da masuntansu suke kama dorinar teku mai hannu takwas da ita, saboda zuciyar takan kumbura daga ƙasa ta ɗauki siffar tukunyar. Ta fi samun matan da suka daina al'ada, sau da yawa bayan rasuwa ko wata babbar razana, kuma yawancinsu suna warkewa cikin makonni idan an kula da su. Saboda haka al'adarmu ta tura dattijo ya zaunar da tsohuwa, ya fara da cewa jikin wane ya yi tsanani kafin ya kai ga maganar rasuwa, ta fi kiran waya na tsakar dare. Idan kuwa bayan an faɗa mata ta dafe ƙirji, gumi ya karyo mata, numfashi ya gagara, kada a tsaya yayyafa ruwa da fifita ana cewa kukan zuci ne, a nemi mota a kai ta asibitin da yake da na'urar awon zuciya.